Koyon Japananci daga Damagaram: abin da ke kyauta da abin da ke cin kuɗi



Tun watan Agustan 2025 tambaya guda take ta dawo mana, ta saƙon murya, ta kiran waya a cikin shiri, har a bakin hanya in an gane muryarmu: wai ina ake koyon harshen Japan, kuma nawa ne? Da farko samari ne ke tambaya. Daga baya sai ga iyaye, har da wata uwa da ta ce an nemi ɗanta ya kai jikka hamsin kuɗin rajista, wai za a koya mishi harshen cikin wata uku a kuma samo mishi biza. Minti biyar na shiri ba ya isa a amsa irin wannan, shi ya sa muka ce bari mu zauna mu rubuta.

Sai mu fara da inda maganar ta samo asali, don wanda bai san tushen zance ba shi ake sayar ma iska. A birnin Yokohama aka yi taron TICAD karo na 9, taron da Japan ke yi da ƙasashen Afirka tun 1993. A wajen taron, hukumar JICA mai kula da ayyukan taimakon Japan a ƙasashen waje ta haɗa garuruwa huɗu na Japan da ƙasashe huɗu na Afirka don zumunci da musayar ziyara: Kisarazu da Najeriya, Sanjo da Gana, Nagai da Tanzaniya, Imabari da Mozambik. Sai fadar shugaban Najeriya ta fitar da sanarwa cewa za a buɗe wata biza ta musamman ga matasan ƙasar. Kun dai san yadda labarin Kano yake iso mana tun motar Kano ba ta kai Matamaye ba. Gwamnatin Japan ta ce babu wannan magana, Najeriya ta janye sanarwar, mutanen garuruwan nan suka tada jijiyar wuya, kafin ƙarshen watan Satumba JICA ta soke shirin ɗungurungum. Mu Nijar ma tun farko ba ma cikin lissafin. Amma ƙaryatawa ba ta da ƙafar da jita-jita take da ita, har yanzu saƙon yana yawo a WhatsApp.

To ga amsarmu. Matakin farko na Japananci kyauta ne, ko dab da kyauta, kuma Japanawan da kansu ne suka zuba kayan karatun a intanet don kowa ya ɗauka. Kuɗi yana can gaba, wajen jarrabawa da tafiya. Duk wanda ya haɗa muku koyon harshe da alkawarin biza a cikin ƙunshi guda, ku riƙe aljihunku.

Japan fa ba baƙuwa ba ce a nan kamar yadda ake zato. Ba Toyota da Yamaha kaɗai muke nufi ba. Mutanen ƙauyukan wajen Mirya sun san rijiyoyin foraj da aka haƙa da kuɗin Japan lokacin yaƙi da kurkunu, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da ita a 2013. Kwamitocin iyayen yara na makarantun firamare, waɗanda muka saba kira COGES, shirin JICA mai suna "École pour tous" ne ya ƙarfafa su. A jihar Tawa ya fara a 2004, Damagaram ta biyo baya. A can arewa, wani kamfanin Japan ya riƙe kashi 25 cikin ɗari a COMINAK ta Akuta har zuwa 2021, shekarar da aka rufe ma'adinin. Ga kuma matasan sa-kai na Japan da suka riƙa zuwa tun shekarun 1980, har aka janye su a 2011 saboda matsalar tsaro. Waɗanda suka yi zamani da su za su tuna wani abu: da Hausa ko Zabarmanci suke ciniki a kasuwa. Akwai ma wani malamin jami'ar Kyoto, Oyama Shuichi, wanda tun 2000 yake aiki da manoma a wajen Dogon Dutsi, yana zuba sharar birni a kan fako har ciyawa ta sake tsirowa. Da Hausa yake hira da mutanen ƙauyen. Su sun zo sun koyi namu. Mu ne dai ba mu taɓa ɗaukar nasu a matsayin abin da baki zai iya kamawa ba.

Alhali kuwa yana kamawa, kuma nan ne muke so mu ɗan daɗe, don mu masu aikin murya abin ya ba mu mamaki.

Wasulan Japananci biyar ne: a, i, u, e, o. Namu ke nan, ba ƙari ba ragi. Babu "u" ɗin Faransanci da mushe ya sha wahala da mu a kanta a aji ɗaya, babu "eu", babu "on" da "an" na hanci. Kuma kamar Hausa, jan wasali yana canza ma'ana. Kowane yaro ya san garin da ake zama daban, garin da ake tuwo da shi daban, alhali a rubuce duk "gari" ne. To su ma haka: "obasan" gwaggo ce ko inna, "obaasan" kaka ce. Bafaranshe sai ya yi watanni kunnensa bai rarrabe su ba, ya je ya kira matar mutane tsohuwa. Bahaushe ji ɗaya ya isa. Haka ninka baƙi: yadda muke bambanta "daba" da "dabba", ko "baba" da "babba", haka suke bambanta "kite", wato ka zo, da "kitte", wato kan sarkin wasiƙa. Har hawa da saukar murya suna da shi, ko da yake bai kai namu yawa ba. "Hashi" in ka ɗaga farkonsa tsinken cin abinci ne, in ka ɗaga ƙarshensa gada ce, kamar dai kukan yaro da kukar miya.

Akwai wanda ya fi wannan ban sha'awa. Mukan ce mota, motoci; ƙasa, ƙasashe; kaza, kaji. Wato "t" in ta haɗu da "i" sai ta koma "c", "s" ta koma "sh", "z" ta koma "j". Ba wanda ya koya mana, haka baki ya tashi. To ku duba jerin gaɓoɓin Japananci: sa, shi, su, se, so. Ta, ci, tsu, te, to. Za, ji, zu, ze, zo. Abin da littattafan Turawa ke ja ma layi suna cewa a yi hattara, a wajenmu gida ne. Sannan layin "h" nasu yana tafiya ha, hi, fu, he, ho, kuma wannan "fu" ba da haƙori ake yin ta ba, da leɓɓa ake hura ta, tsakanin "fu" da "hu". Kanawa su ce fura, mu mu ce hura. Abin da ke tsakanin biyun shi ne na Tokyo. "R" ɗinsu ma ta ɗan kaɗa harshe ce, kusa da ta "rana" da "ruwa", nesa da ta maƙogwaro da aka sa mu kwaikwaya a lakwal. Wuri guda da za a kula shi ne "tsu": kada a matse ta kamar a "tsuntsu", a sake ta ta fita da sauƙi.

Shi ya sa shawararmu ta farko ga ƴan lakwal irinmu ita ce: in kun ga Japananci da baƙaƙen boko, ku karanta shi da idon Hausa, ba da idon Faransanci ba. "Ichi", wato ɗaya, "ici" ake cewa kamar yadda Bahaushe zai rubuta, ba "ishi" ba. "Ai" a nan "ai" ce, "g" kullum "g" ce. Wanda ya iya karanta Hausar boko ya riga ya yi rabin tafiyar furuci.

A gefe guda, kalmominsu suna da ban dariya a kunnenmu. "Nama" a wajensu ɗanye ne, "kuma" wata dabbar daji ce mai gashi, "mata" na nufin "sai an sake", "ido" kuwa rijiya ce, abin da zai tuna ma mutum idon ruwa. Suna da baƙaƙe na musamman don kalmomin aro, kuma yadda muke cusa wasali mu mai da kalmar Bature "teburi", su "teeburu" suka mai da ita. Sun ari wasu daga Faransanci: "ankeeto" ita ce anket. Akwai kuma "kuudetaa", wadda ba sai mun fassara ma ɗan Nijar ba.

Ginin jimla ne ya juya ma Hausa baya. Aikatau a ƙarshe yake zuwa. Mu mu ce "ina shan shayi", su su ce "ocha o nomimasu", shayi tukuna, sha daga baya, da wata ƴar kalma "o" a tsakani mai nuna abin da aka sha. Amma a nan ma Damagaram ta ci gado. Masarautar nan tushenta Barebari ne, ta daɗe tana kallon Borno, kuma har gobe akwai gidajen da ake jin Barbarci, balle a nufi gabas wajen Gure. A Barbarci aikatau a ƙarshe yake, kuma a bayan suna ake liƙa ƴan gutsattsarin da ke nuna aikinsa, irin su "-be" na mallaka da "-ro" na inda aka nufa. Haka "no" da "ni" suke aiki a Japananci. Tubawa ma nasu haka yake tafiya. Wanda ya tashi a gaban kakar da ke mishi faɗa da Barbarci, wannan juyin ba zai ba shi ciwon kai ba. Sauran kuma ga sassauci: suna ba shi da namiji ko mace, ba "le" ba "la", kuma galibi ba a canza shi don jam'i. Wanda ya taɓa ƙoƙarin bayyana ma baƙo dalilin da ya sa jam'in "doki" ya zama "dawaki" ya san ba ƙaramar rahama ba ce.

Maganar ladabi kuwa, wanda ya taɓa zuwa gaisuwa fadar Sultan a Birni, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya san kalmar da ake faɗa ma sarki ba ita ake faɗa ma aboki ba, ya riga ya gane ruhin abin. Suna da gaisuwar mai aiki, "otsukaresama", daidai da "sannu da aiki". Suna da ta wanda ya dawo gida, "okaeri". Zurfin wannan fanni yana da wuya, su kansu sai sun fara aiki suke goge shi, amma mai farawa ya riƙe siga guda mai ƙarewa da "desu" da "masu", ta ishe shi ko'ina.

Sai rubutu, inda mutane ke tsorata. Iri uku ne a haɗe. Hiragana baƙi 46, katakana baƙi 46, sai kanji da suka aro daga Sin. Biyun farko ba abin tsoro ba ne. Kowane baƙi gaɓa ce cikakkiya, ka, ki, ku, ke, ko, wato kamar a ce an tsallake babbaƙu an fara da farfaru kai tsaye. Kuma kayan aikin koyonsu muna da shi tun kaka da kakanni: allo. A rubuta biyar, a karanta da ƙarfi, a wanke, a sake. Wanda ba shi da allon itace ya ari ardwaz ɗin ƙanensa da alli, wanda ba shi da wannan ma ga rairayi a ƙofar gida. Baƙi biyar a rana, cikin kwana goma an ga ƙarshen hiragana, a ƙara kwana huɗu na bita. Mako biyu nan, mako biyu can, wata guda ya isa duka biyun. Abu ɗaya dai: kowane baƙi yana da tsarin jan layinsa, wanne ne farko wanne ne na biyu, kuma a bi shi tun ranar farko, yadda malam ba ya barin almajiri ya kama alƙalami yadda ya ga dama. Muna ganin masu manhajar waya kaɗai suna gane baƙi in sun gan shi, amma a miƙa musu bik sai hannu ya tsaya. Hannu ke riƙe karatu.

Kanji ne dutsen. Jerin da gwamnatin Japan ta tsayar na amfanin yau da kullum guda 2,136 ne, kuma yaransu shekara shida na firamare suke yi kafin su haɗa 1,026. Kowane ɗaya hoto ne mai ma'ana, sau da yawa da furuci biyu ko fiye. Na farkon suna da daɗi: 山 dutse, 川 kogi, 人 mutum, 口 baki. 日 rana ce ta sama, kuma rana ce ta kwanan wata. 月 wata ne na sama, kuma wata ne na lissafi, daidai yadda Hausa ta haɗa su. Amma a cikin kalmar Lahadi, 日曜日, wannan 日 ɗin ya fito sau biyu, na farko a karanta "nichi", na ƙarshe "bi". Daga nan za ku gane dalilin da ya sa makarantar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta sa Japananci a rukunin harsuna mafi wuya, tana ƙiyasta awa 2,200 na aji. Wanda ya ce muku wata uku, ku tambaye shi wata uku na wace shekara. Matakin farko dai kanji wajen ɗari yake nema da kalmomi wajen ɗari takwas, wannan kuwa abin da mai naci zai iya ne a cikin shekara.

Yanzu ina kayan karatun? Da yake mu ƴan rediyo ne, ba za ku yi mamaki ba in muka fara da rediyo. Gidan NHK na Japan yana da shirin koyar da harshe, a Faransanci sunansa "Le japonais en douceur". Darasi 48 ne, kowane wajen minti goma, da murya da kuma littafinsa da ake saukewa kyauta. A ganinmu babu abin da ya fi shi dacewa da ɗan Damagaram da ya yi ko da kolej, don bayanin da Faransanci ne mai sauƙi, kuma murya ba ta cin forfe kamar bidiyo. Akwai shi da Larabci ga ƴan madarasa, akwai da Ingilishi, har da Sawahili. Da Hausa ne babu. Wannan kam yana mana ciwo, in muka tuna Rediyon Sin yana magana da Hausa tun shekarun 1960.

Bayan shi sai littafin Irodori na Gidauniyar Japan, wanda ya fito a 2020, shi ma kyauta da muryoyinsa. An yi shi ne don masu zuwa zama da aiki, saboda haka zancensa na kasuwa ne da asibiti da wurin aiki, amma asalin bayaninsa da Ingilishi ne. Gidauniyar tana kuma da makarantar intanet mai suna Minato, sai dai ita tana son rezo mai ƙarfi. Don bita akwai AnkiDroid, kyauta a wayar Android, yana aiki ba tare da intanet ba. Aikinsa irin na gardi mai karɓar tilawa ne: kalmar da ka riƙe ya ɗaga maka ita sai bayan kwanaki, wadda ka manta ya dawo maka da ita gobe. Akwai ƙamus na waya mai suna Takoboto, shi ma ba ya buƙatar rezo in an sauke shi. Manhajojin nan masu wasa da maki da tsuntsu kuwa, ba mu ce ba su da amfani ba, amma kullum sai da forfe, ga talla, kuma sun fi koya ma mutum danna waya a kan buɗe baki. A ɗauke su kamar gyaɗar taunawa, ba tuwon dare ba. Haka su Naruto da "Olive et Tom" da muka tashi da su: da Faransanci muka gan su, kuma ko an samu na asali, maganar cikinsu ta ƴan dambe ce. Wanda ya gaida dattijon Japan da ita, kamar wanda ya shiga fada ne da bakin ƴan tasha.

Dabarar rage kuɗi ba sabuwa ba ce a garin nan. Yadda fim ɗin Kano guda yake zagaye unguwa daga waya zuwa waya, haka za a yi. Mutum ɗaya ya sayi forfen dare, ko ɗalibin jami'ar André Salifou da ke samun intanet ya sauke komai sau ɗaya, a zuba a memori, saura su karɓa ta Xender ko Bluetooth. Littafi kuma kada a buga shi duka. A kai shafin darasin mako wajen mai fotokofi, dala biyar ko goma, a raba. Kaye guda, bik, alli, fotokofin wata: da wuya ya wuce jikka guda. Abin da ya fi cin rai shi ne caji in kuran ya ɗauke, shi ya sa takarda da allo ba su da madadi.

Sai kuma abin da muke da shi wanda ɗan Paris mai koyo shi kaɗai a ɗaki ba shi da shi: fada. Kowace unguwa, daga Zango zuwa Sabon Gari zuwa Garin Malam, samari suna zaune kan benci daga la'asar har dare, shayi na farko, na biyu, na uku. Ana yawan zagin fada ana cewa matattarar zaman banza ce, mu ba mu yarda da wannan kuɗin goro ba. Tsakanin shayi na farko da na biyu darasin NHK guda ya shiga ya fita. A sa wayar a tsakiya, a saurara, a tsayar, kowa ya maimaita, biyu su tashi su yi hirar kamar wasan kwaikwayo, saura su yi musu dariya. Dariyar nan ita ce maganin kunya. Mu huɗu muke yin haka a nan gidan rediyo bayan labaran rana, har da mai kula da na'urori, wanda da Barbarci ya tashi kuma ya bar mu a baya wajen haɗa jimla. Mutum huɗu ko biyar ya isa. In sun kai goma hira ce za ta ci karatun. Ƴan mata da matan aure da ba sa zaman fada, ekutar a kunne ana aikin gida ya wadatar, a haɗu sau ɗaya a mako gidan ɗaya daga ciki a yi ma juna tambaya.

Abin da fada ba za ta ba ku ba shi ne Bajapane mai gyara muku baki. Nan Faransancinku ya zama jari. Akwai manhajojin musayar harshe irin su HelloTalk da Tandem, inda za ku samu Japanawa masu koyon Faransanci: ku gyara musu, su gyara muku. Sun riga mu da awa takwas, saboda haka ƙarfe ɗaya na ranarmu tara na darensu ne, lokacin da suka dawo daga aiki. Muna roƙo, don Allah, kada a mai da wurin wajen neman taimako ko neman a gayyato mutum. Saƙo ɗaya irin wannan sun rufe ƙofa, kuma ba kai kaɗai suka rufe ma ba, har ɗan Nijar na gaba.

To ina kuɗin yake? Yana wajen takardar shaida. Jarrabawar da duniya ta sani ita ce JLPT, mai mataki biyar, daga N5 na masu farawa zuwa N1. Ana yin ta ranar Lahadin farko ta Yuli da ta Disamba, ba kowane gari ke samun duka biyun ba, kuma rajista tana rufewa watanni kafin ranar. Ba a zama a Nijar. A yankinmu sai birane irin su Kwatano da Akara da Abijan. Kuɗin jarrabawar kanta ba shi ne matsala ba. Mota ce daga nan zuwa Yamai, kusan kilomita 900, sannan a ƙetara, ga masauki, ga abinci, kuma tun da aka rufe iyakar Gaya a 2023 hanyar Kwatano ta ƙara tsada da wahala. Ra'ayinmu shi ne kada wanda ya ɗauki wannan ɗawainiya don N5. Takardarta ba ta buɗe wata ƙofa ta aiki. Tsofaffin tambayoyin gwaji suna nan kyauta a shafin jarrabawar, ku gwada kanku a gida da agogo. A tara ƙarfi sai an kai N4, ko ma N3, sannan a yi tafiya sau ɗaya.

Kwatanon nan da muka ambata tana da abin koyi. Wani ɗan Benin, Zomahoun Rufin, wanda ya yi suna a talabijin ɗin Japan kuma daga baya ya zama jakadan ƙasarsa a can, ya buɗe makarantar Japananci a birnin a 2003, ba a biyan kuɗin karatu. Mutum ɗaya ne ya fara. Muna faɗar wannan ne don ƴan uwanmu da suka yi karatu a Japan suka dawo suna ofisoshi a Yamai su ji.

Ƙofar gaskiya ta zuwa Japan ga irinmu ita ce karatu. Gwamnatinsu tana da burs da ake kira MEXT, mai ɗaukar kuɗin jirgi da na makaranta da na kashewa kowane wata. Ana nema ta ofishin jakadanci, kuma da yake Japan ba ta da jakada zaune a Yamai, ofishinsu na Abijan ne ke kula da Nijar. A shafinsu ake ganin sanarwar kowace shekara da irin guraben da aka buɗe ma ƴan ƙasarmu. Ba a biyan ko tamma wajen nema, kuma ba a bi ta hannun dillali. Akwai kuma shirin ABE da aka sanar a taron TICAD na 2013, na masu digiri da ke son yin mastar da sanin makamar aiki a kamfanonin Japan. Ga abin da ba a cika gaya ma matasa ba: a duka biyun Ingilishi yana da nauyi ƙwarai, shirin ABE ma da Ingilishi ake karatunsa, kuma masu MEXT ana ba su watanni na koyon Japananci bayan sun isa. Japanancin da kuka koya a fada zai nuna ma masu tantancewa cewa da gaske kuke, zai kuma sauƙaƙa muku rayuwa a can, amma ba zai rufe ramin lissafi ko na Ingilishi ba.

Don haka ba kowa muke cewa ya fara ba. Wanda abincin bana yake nema, Ingilishi ya fi mishi kusa, ga Kano nan ƙasa da tafiyar yini. Sinanci ma ya fi saurin kawo aiki, tun da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011 a kan hanyar Tanut. Kuma a sani, harshen Sin daban na Japan daban, ko da yake wasu baƙaƙen sun yi tarayya. Japananci na ɗalibin da ke hangen burs ne a fannin noma, ruwa, lafiya ko injiniyanci, mai shekara biyu ko uku a gabansa. Na ɗan karate ne da ɗan judo da ya gaji da ƙirga "ichi, ni, san" ba tare da sanin abin da ke bayansu ba. Kuma na wanda kawai yake so ne. Wannan ma dalili ne cikakke, ba sai an nemi izinin kowa ba. Awa ɗayan da zai ba karatun da ma a kallon bidiyon rawa za ta tafi.

Darussan NHK na Faransanci da na Larabci, da takardar baƙaƙen hiragana da katakana mai nuna tsarin jan layi, duk mun sauke su suna cikin kwamfutar gidan rediyo. Mai so ya zo da wayarsa ko memori bayan la'asar, ban da ranar Juma'a, ya tambayi mai gadi ya nuna mishi ɗakin na'urori. Na ƙauye kuma su ba direban da suka sani memori ranar kasuwar Dole, a zuba musu ya koma da shi. Ba a biyan ko dala.